Vinicius kun gani, na gida fa?

Malam, labarinka kan wariyar launin fata a filayen ƙwallon Turai ya yi ma'ana. Abin da aka yi wa Vinicius Junior, ɗan wasan Real Madrid, a filin Valencia a watan Mayun 2023, ana yi masa kukan biri, ko ni ɗan Barcelona sai da raina ya ɓaci. A 2024 kotun Sifen ta yanke wa mutum 3 ɗaurin wata takwas-takwas, madalla.

Amma ku 'yan jarida kuna ba ni mamaki. Daren da abin ya faru, gidan kallonmu na Ƙofar Marusa har kan benci ake tsayawa, janareta na kuka, kowa na gardama. Katsina United kuwa sai ta buga wasan NPFL, babbar gasar ƙwallon Najeriya, a filin Muhammadu Dikko, mu dai Karkanda muka sani, ka nemi sakamako ka rasa, sai wani yaro ya ɗora a Facebook. Kuma laifi tudu ne: a wani wasan gida na ji da kunnena ana jifan baƙon ɗan wasa da baƙar maganar ƙabilanci, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Don Allah ku turo wakili wasa na gaba, wurin zama ba ya ƙarewa.