Masu kiran Garage Inc. ɗumame, sun san abin da suke faɗa kuwa?

Tun da Metallica, ƙungiyar kiɗan metal ta Amurka, ta sake fitar da kundin Load a watan Yunin 2025 aka fama tsohon gyambo. Masoyan da har yau ba su yafe wa ƙungiyar aske dogon gashin da ta yi a 1996 ba sun dawo da kokensu, kuma kamar yadda suka saba, ba su tsaya kan Load da ReLoad ba sai da suka haɗa da Garage Inc., kundin waƙoƙin aro na watan Nuwamban 1998. Hukuncinsu bai canza ba: ɗumame ne, basira ce ta ƙare aka koma lasar tukunyar wasu, an fitar da shi ne don a kwashi kuɗin masu sayayyar ƙarshen shekara. In ana jera kundayen ƙungiyar daga mafi kyau zuwa mafi muni, sau da yawa ko ambatonsa ba a yi. Wannan magana ta ishe ni, domin mai yin ta ko bai san tarihin kiɗan da yake ikirarin karewa ba, ko bai taɓa ɗaura wa jita tsirkiya ba.

A fara da tarihin. Ranar 14 ga Maris 1982 Metallica ta yi wasanta na farko a wani ɗan kulob a Anaheim, jihar Kalifoniya. Waƙa tara suka yi, biyu kacal nasu. Sauran bakwai na ƙananan ƙungiyoyin Birtaniya ne da kusan ba wanda ya san su a Amurka, huɗu daga ciki na Diamond Head, 'yan garin Stourbridge. Lars Ulrich, mai ganga, ya je Ingila a 1981 yana matashi ya manne wa Diamond Head, ya dawo da waƙoƙinsu a kai. Wato da aro aka yi wa ƙungiyar da ake cewa ta lalace yaye. Kuma ba ita kaɗai ba. Faifan farko da Black Sabbath ta fitar a 1970, "Evil Woman", waƙar wata ƙungiyar Amurka ce mai suna Crow. Judas Priest ta ɗauki "Diamonds & Rust" ta Joan Baez, mawaƙiya mai jita ɗaya da sanyin murya, ta sa mata sulke a 1977. Kundin Metal Health na Quiet Riot, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 1983, waƙar Slade ce ta ja shi. Duk mai cewa aro baƙo ne a kiɗan metal, shi ne baƙon.

Sai maganar lalaci, wadda ita ce ta fi ba ni dariya. Waƙa 27 ce a Garage Inc. Faifai na biyu ya tattaro 16 da aka yi tsakanin 1984 da 1995, na farko kuma 11 ne da ba a taɓa fitarwa ba, galibinsu an naɗe su cikin 'yan makonni a situdiyon The Plant da ke Sausalito, tare da furodusa Bob Rock. Masu suka na ɗauka cewa tunda an riga an rubuta waƙar, aiki ya ƙare. To ga abin da ke jiran wanda ya ɗauko waƙar wani.

Na farko murya. Kowace waƙa an yanka ta ne daidai maƙogwaron mai ita. King Diamond na Mercyful Fate yana hawa sama da wata siririyar murya da James Hetfield, mawaƙin Metallica, ba shi da ita, kuma bai yi gangancin nema ba. A sarƙar waƙoƙi biyar na Mercyful Fate da suka ɗinka wuri ɗaya, mai tsawon minti 11 da daƙiƙa 11, Hetfield ya sauko da baitukan ƙasa inda muryarsa ke da nauyi, ya bar jita ta ɗauki kaifin. Ɗinkin kansa aiki ne: waƙoƙi biyar masu gudu daban-daban, dole a nemo gaɓar da take ɗaya zai miƙa wa na gaba ba tare da mai ganga ya yi tuntuɓe ba. Wanda ya saurara bai ji wurin ɗinkin ba, to ya ji ƙwarewa ne bai sani ba.

Na biyu ɗaurin tsirkiya. A "Whiskey in the Jar", tsohuwar waƙar gargajiya ta ƙasar Ailan da Thin Lizzy ta mayar ta jita a 1972, Metallica ta sassauta kowace tsirkiya da cikakken mataki guda, daga E zuwa D. A baki abin kamar murɗa kunnen jita ne kawai. A hannu kuwa, sassauci na mataki guda yana rage ƙarfin ɗaurin da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tsirkiya ta yi laƙwas, tana kaɗuwa fiye da kima, tana dukan ƙarafan wuyan jita tana zuza, in an danna ta da ƙarfi kuma sautin ya haura inda ake so. Maganinsa a canza zuwa tsirkiya mai kauri, misali daga mai lamba 10 zuwa 46 a koma mai 11 zuwa 52, a sake murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jitar don wuyan ya daidaita da sabon nauyi, a duba ko ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kai sun ɗauki sabon kaurin, sannan a gyara tsawon kowace tsirkiya a gada ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba sauti ya yi daidai a ƙasan wuya ya karkace a samansa. Mai jitar bes shi ma sai ya bi wannan layin. Duk wannan kafin a naɗi daƙiƙa ɗaya. Ribar kuwa ita ce kaurin da ya sa waƙar ta ci kyautar Grammy a 2000.

Na uku, kuma nan ne ake gane gwani, me za a yi da kayan kiɗan da ba ka da su? "Turn the Page" ta Bob Seger an san ta ne da kukan saksofon na Alto Reed a buɗewarta. Metallica ba ta da mai busa. Da sun ɗauko ɗan haya ya busa, da sun zama 'yan kwaikwayo. Sai mai jita Kirk Hammett ya sa ɗan bututu a yatsa yana zamar da shi a kan tsirkiya, jitar ta yi wannan kukan mai ja ba tare da ta yi ƙaryar zama ƙaho ba. Hetfield kuma ya ɗauki gajiyar matafiyi da ke cikin muryar Seger ya mayar da ita fushi. Mako 11 waƙar ta yi a saman jadawalin Mainstream Rock na Billboard. Eh, na san za a ce cin kasuwa ba shi ne inganci ba, kuma haka ne, amma masu wannan magana su ne dai ke kafa hujja da yawan cinikin Master of Puppets, tsohon kundin Metallica, idan ta biya musu.

Akwai kuma sa hannun Hetfield da ke kan kusan komai a faifai na biyu: kaɗa tsirkiya ƙasa-ƙasa kawai, ba ƙasa da sama ba, gefen tafin hannu na kwance kan gada yana toshe amon. A saurari "Helpless" ta Diamond Head a kundinsu na 1980, a dawo a saurari ta Metallica ta 1987. Take ɗaya ne, amma na biyun ya fi tsauri da gudu, ganguna biyu na ƙafa suna bin sa a guje. An yi wannan naɗin ne kusan wata goma bayan rasuwar mai bes ɗinsu Cliff Burton a haɗarin mota a Suwidin, a watan Satumban 1986. Sun yi atisaye a garejin gidan Ulrich a El Cerrito, suka naɗe cikin kwana shida, da haka aka gabatar da sabon mai bes, Jason Newsted. Har farashin suka rubuta a sunan faifan, dala 5.98, don kada mai shago ya tsuga wa yara kuɗi. Abin mamaki, wannan ɗan faifan masu sukar suna girmama shi kamar kayan gado. Aron 1987 halal ne, na 1998 haram, alhali bambancin da ke tsakaninsu a idonsu bai wuce tsawon gashi ba.

Yanzu kuɗi, tunda an ce neman kuɗi ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, da zarar an fitar da waƙa ga jama'a, kowa na iya sake rera ta ya sayar, muddin ya biya mai ita kason da hukuma ta yanka. A 1998 kason santi 7.1 ne a kan kowace waƙa a kowane kwafi, ko santi 1.35 a kowane minti idan waƙar ta wuce minti biyar. Daga 2006 ya zama 9.1, a 2023 ya koma 12. Wannan kuɗi na marubucin waƙar ne da kamfanin da ke kula da haƙƙinsa, wanda ya aro ba shi da ko sisi a ciki. A kundin nasu na kansu Hetfield da Ulrich ne galibi ke karɓar wannan kaso. A Garage Inc. sun miƙa shi ga wasu. Diamond Head na da waƙa huɗu a ciki, dukkansu daga kundin Lightning to the Nations, biyu sun haura minti shida. In aka bi farashin doka, waɗannan huɗun sun haura dala 300,000 a kowane kwafi miliyan ɗaya, kuma kundin ya sayar da miliyoyi. Brian Tatler, mai jitar Diamond Head, ya sha faɗa a hirarraki cewa kuɗin aron Metallica ne ya riƙe shi. Ƙungiyarsa ta watse a tsakiyar shekarun 1980 ba ta tara abin kirki ba. Ɗan littafin da ke cikin kundin, wanda David Fricke na mujallar Rolling Stone ya rubuta, ya bi asalin waƙoƙin yana nuna masu su. Yaran da ba su taɓa jin sunan Budgie ko Holocaust ko Discharge ba, daga nan suka fara nema. Wanda ya ci bashi yana yaro ya dawo ya biya da riba bayan ya yi arziki, shi ake zagi da kwaɗayi?

Dokar tana da haƙori ta wani gefen. Ta yarda ka gyara waƙa ta dace da salonka, ba ta yarda ka sauya ainihin karinta ko halinta ba sai da izinin mai ita. Megadeth ta ɗanɗana wannan. A kundinta na farko na 1985 ta rera "These Boots" da baitukan batsa da jagoranta Dave Mustaine ya ƙara, marubucin waƙar Lee Hazlewood ya ƙi amincewa, aka cire ta daga bugun da suka biyo bayan 1995. Da ta dawo a 2002 an toshe kalmomin da ƙara, sai a 2018 aka sake rera ta da baitukan asali. A nan gida, inda aka shafe shekaru ana ɗauko karin waƙoƙin fina-finan Indiya a ɗora musu baitukan Hausa ba tare da ko ambaton mai su ba, wannan tsari ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

Ba na cewa kundin ba shi da tabo. "Loverman" ta Nick Cave tana rayuwa ne kan barazanar da ke cikin raɗa, Metallica ta cika mata tsoka ta ja ta kusan minti takwas har ta gaji. "Tuesday's Gone", da aka naɗa a wani shirin rediyo a ƙarshen 1997 da tarin baƙi, ta fi kama da hirar abokai da aka manta ba a kashe rikoda ba. "It's Electric" an goge ta har ƙurar gareji ta fita, kuma ƙurar ce daɗinta. Waƙoƙin Motörhead huɗu da aka ɗauka a atisayen bikin cikar jagoran Motörhead, Lemmy, shekara 50 a watan Disamban 1995 sun zo da kaushi, amma su wannan kaushin ya yi musu kyau. Da masu suka sun tsaya a irin wannan, waƙa bayan waƙa, wace ce aka ƙara mata wani abu, wace ce aka kwafa kawai, da mun zauna mun yi muhawara. Ba sa yi. Kalmar "aro" kaɗai suke ji su toshe kunne, ko su ga sunan Bob Seger su ce ba metal ba ne, sai ka ce an naɗa su masu gadin ƙofa.

Irin wannan gadin ne ya sake tashi a 2021, lokacin da aka juya abin, mawaƙa 53 suka rera waƙoƙi 12 na kundin Metallica mai baƙin bango a The Metallica Blacklist. A can akwai abin suka na gaskiya: "Nothing Else Matters" sau 12 ta yi yawa ko ga mai sonta, alhali "Of Wolf and Man" sau ɗaya aka taɓa ta. Amma ihun da aka fi ji shi ne me ya kawo J Balvin da Miley Cyrus. Cikin hayaniyar mutane da yawa suka tsallake abin da 'yar Najeriya Tomi Owó ta yi wa "Through the Never", inda ta kwance gudun ta shimfiɗa waƙar a hankali, ko yadda The HU na ƙasar Mongoliya suka rera ta da muryar maƙogwaro da gogensu na gargajiya.

Abin da nake so ba shi da yawa. Masu jera kundaye su daina tsallake Garage Inc. kamar ɗan riƙo, duk wanda zai yanke wa waƙar aro hukunci kuma ya fara sauraron ta asali tukuna, ƙungiyoyi su ma su rage ɗauko waƙoƙin da kowa ya haddace su tono waɗanda masu su ke buƙatar kason. Su Diamond Head dai ba su ji an wulaƙanta su ba. A 2020 da suka sake naɗar Lightning to the Nations don cikarsa shekara 40, sun ƙara waƙoƙin aro a ƙarshe, ɗaya daga ciki "No Remorse" ce, ta Metallica.