"Baba, sa mana muryarta mu ji"

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai 'yata Memphis a Amurka, gidan tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata da ke jikin otal ɗin Lorraine, inda aka harbe jagoransu Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, 1968. Tafiyar awa uku ce daga Nashville inda muke zaune. Shekarata tara a ƙasar nan ban taɓa leƙawa ba, sai da malamar ajinsu ta ba su aikin gida.

Tun daga bakin titi za ka san mutanen nan ba sa wasa da jiya. An bar fuskar otal ɗin yadda take: dogon allon suna na da, tsofaffin motoci biyu a fake a ƙasa, da kambun furanni rataye a ƙarfen baranda daidai ɗaki mai lamba 306. A ciki akwai bas irin ta Montgomery ta 1955. Kana shiga ka tarar da mutum-mutumin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba Bature kujera, a zaune, sai muryar direba ta daka tsawa a tashi a koma baya. Gaba kaɗan ga motar shara, saboda yajin aikin masu kwasar shara kusan 1,300 ne ya kawo King garin. Sannan jawabinsa na ƙarshe, wanda ya yi a cocin Mason Temple daren 3 ga Afrilu. Na sha karanta kalmomin, amma takarda ba ta ɗaukar gajiyar da ke maƙogwaron mutum lokacin da yake gaya wa jama'a wataƙila ba zai kai ƙasar alkawari tare da su ba. Wani dattijo kusa da ni ya cire hularsa.

A hanyar komawa 'yata ta kunna mana abin da aka ce su saurara: shaidar Fannie Lou Hamer ta ranar 22 ga Agusta, 1964, gaban kwamitin jam'iyyar Demokrat a Atlantic City. Matar ƙauye ce daga Ruleville a jihar Misisipi, ta yi shekara 18 tana aiki a gonar audugar wani Bature, ya kore ta saboda ta je yin rajistar zaɓe. Ta fara da faɗin sunanta da lambar gidanta, alhali masu neman ranta na kallo. Ta ba da labarin dukan da aka yi mata a kurkukun Winona a 1963. Shugaba Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don a ɗauke kyamara daga kanta, amma an riga an naɗa, da dare gidajen talbijin suka sa shi. Minti takwas ne, kuma yarinya 'yar shekara 11 ta ji shi tas a wayata, har da numfashin matar.

Ta ce, "Baba, a gida akwai irinta?"

Na ce akwai mana, Hajiya Gambo Sawaba. Ba sai na gaya wa ɗan Arewa ko wace ce ba. Ita dai na gaya mata tun da ƙuruciyarta ta shiga jam'iyyar NEPU, an ce sau 16 ana ɗaure ta, tana neman wa mata ƙuri'ar da matan Arewa ba su kaɗa a zaɓen tarayya ba sai 1979.

"To sa mana muryarta mu ji."

Na tsaya a gidan mai na shiga intanet. Hotuna na samu, da rubuce-rubuce, da mutane suna magana a kanta. Muryarta a dandali, lokacin ƙuruciyarta, tana fuskantar 'yan doka, ban samu ba. Har muka isa gida ban ƙara cewa uffan ba.

Ba ina cewa Amurka ƙasar waliyyai ba ce. Gwamnatin da ke adana muryar King a yau ita ce hukumarta ta FBI ta riƙa dasa masa na'urar sauraro a ɗakunan otal. Shahararren jawabinsa na 1963 ma yana hannun magadansa, sai da izini ake amfani da shi. Mu kuma muna da uzuri: a shekarun 1950 rediyo na hukuma ne, wa zai ɗauki na'ura ya bi ɗan adawar da En'e ke farauta? Mutanenmu kuma mahaddata ne, waƙoƙin NEPU a ka suke. Ina jin zafi idan wani ya ce ba mu da tarihi, don ƙarya ne.

Amma hadda tana bin mai ita kabari. Kuma uzurin nan ya ƙare tun da rikoda ta shiga kowane shago. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Zamanin PRP gaba ɗaya zamanin kaset ne. Ina kaset ɗin suke? Su Amurkawa a 2000 suka yi doka kan adana sauti. Laburaren majalisarsu yana da ma'aji a Culpeper, jihar Bajiniya, cikin tudu, ɗakuna masu sanyi, kantocinsa sun haura kilomita 140 in an jera. Tef ɗin da ya yi danƙo saboda laima gasa shi suke a zafi kaɗan, wajen digiri 50, na sa'o'i, ya samu ya juya a kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. A 2015 suka fito da jawabin da King ya yi a wata makaranta a Rocky Mount a Nuwamban 1962, daga tef ɗin da ya shekara fiye da 50 a ajiye. Wani ne kawai ya ƙi zubarwa. Mu da muka gaji ilimin isnadi, muka san darajar "wane ya ji daga wane", bai kamata a fi mu a nan ba.

Abin da ke ƙara ci mini rai, garinmu Jos ce ta fi dacewa da wannan aiki. Zafi da laima ne ajalin kaset, mu kuwa Allah ya ba mu sanyi kyauta. Hukumar fina-finai ta ƙasa da ma'ajinta na fim da sauti a Jos suke. Amma yawancin abin da nake nufi ba ya wani ofis, yana ƙarƙashin gadajen tsofaffi a Gangare da Dilimi da Anguwan Rogo, kuma na'urorin kunna shi ƙarewa suke yi.

Babanmu tela ne, ɗan PRP na a-mutu. Yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, kowanne ya rubuta masa suna da ajami. Duk sanda aka sa Malam a rediyo sai ya tsayar da keke, ya danna maɓallan nan biyu tare, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Idan rediyo ta cinye zare, da biro yake mayar da shi a hankali, kamar mai ɗinkin aska takwas. Akwatin nan ya tsira daga rikicin 2001, ya tsira daga na 2008.

Daren nan na kira ƙanena.

"Yaya, wane akwati? Ai da muka gyara ɗakin Baba bayan rasuwarsa aka fitar da shi. Yara sun zare wasu. Wasu mai lambun bayanmu ya karɓa, yana ɗaura zaren a sanda yana korar tsuntsu."

Ban ga laifinsa ba, ni ne babba, kuma ban taɓa tambaya ba. Da safe ya sake kira, ya ce Umma ta ɓoye guda bakwai cikin kwallarta, ƙarƙashin zannuwa. Ya miƙa mata wayar.

Ta ce, "Ba don Malam na ajiye ba. Akwai ɗaya da Babanku ya manta bai kashe ba. Bayan jawabin za ka ji ƙarar keke, ka ji shi yana gardama da abokansa, sannan ya ƙwala mini kira in kawo shayi."

Na ce, "Umma, kin saurara?"

Ta ce tun da ya rasu ba ta sa ba, tsoro take kar rediyon ta cinye zaren.

Na roƙi ƙanena kar kowa ya taɓa su, a sa su a leda a ajiye nesa da taga. Na sayi 'yar na'urar da ke kwashe kaset zuwa kwamfuta, tana cikin jakata, na kuma yanki tikitin Disamba guda biyu. 'Yata ba ta taɓa jin muryar kakanta ba.