Randar da aka shafe da fenti ba ta sanyaya ruwa

To, ga shi an shiga yayin randar da aka shafe da fentin mai, ciki da waje, aka yi mata zanen furanni, ana tallarta a Facebook da sunan randar zamani, jama'a kuma sai zuba yabo suke yi. Madalla da wannan ci gaba! An ɗauki abin da aka ƙera don sanyaya ruwa, an mayar da shi bokiti mai nauyi da tsada.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hujjar mai tallar, wai tasa ba ta naso kamar ta da. Ai nason nan shi ne aikin randa gaba ɗaya. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayan randar, iska ta kwashe shi ya zama tururi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi, kuma daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibar zafin. Zafin da lita 1 take bukata kafin ta tashi tururi ya ninka fiye da sau 5 na wanda zai kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, shi ya sa ɗan abin da ya nashe yake isa ya sanyaya sauran. Wanda ya toshe ƙofofin nan da fenti ya kashe randa, ko da furen zinariya ya zana mata.

Na ga masu cewa naso asarar ruwa ce. Asarar moɗa ɗaya ko biyu a wuni ita ce kuɗin sanyin, kuma har yanzu ban ga firjin da ya kai ta araha ba. Wasu sun ce tasu ba fenti amma ba ta sanyi a watan Agusta. Haka ne, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar wani tururi sosai, kamar yadda shanya take wuni ba ta bushe ba. Ku jira Maris da Afrilu, ku ajiye randar a inuwa inda iska take ratsawa, ku sa tafin hannu a gindinta ku ji danshin, sannan ku zo mu yi musu.

Da wannan nason ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, tumatir da tattasai suka riƙa yin makonni ba su ruɓe ba. Da ya shafa wa ta wajen fenti, da babu wanda zai san sunansa.

Ina roƙonku tsakani da Allah, ku sayi randa tsirararta daga hannun matan da suke gina ta, ku bar ta ta yi nasonta. Masu makarantu kuma da suke zaɓa wa yara yadin roba a matsayin yunifom, su sani gumi ma sai ya bushe yake sanyaya jiki, kuma da azahar ɗin bazara ake tashin yaran nan su taka zuwa gida.