Kuɗin lafiyar namun daji: a fara da mushen da aka tsinta a bakin kogi

A shekarar 1983 ciwon bushiya, wato annobar nan ta shanu, ya shiga gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, ya kashe ɓauna sama da 200, ya haɗa da gadu da gwambaza da mazo. A shekarar ce kuma ya rinƙa kwantar da shanun Fulani garke-garke a faɗin Arewa. Abin da ya fi ciwo shi ne an riga an kusa gamawa da cutar. Tun 1962 aka fara gagarumin shirin allurar rigakafi na JP15 a ƙasashen tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Da shirin ya ƙare a 1976, kuɗin masu ba da tallafi ya tsaya, gwamnatoci suka yi sakaci da allurar maruƙa da bin sawun cutar. 'Yan wuraren da ta ɓuya a ciki suka ishe ta ta dawo da ƙarfinta.

Sai a 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, kuma namun daji ne suka taimaka wajen tabbatar da hakan. Ba a yi wa ɓauna allura, don haka idan aka ɗebi jinin ƙaramar ɓauna aka ga alamar ta taɓa kamuwa, an san cutar tana yawo a yankin. Kamuwa ta ƙarshe da aka tabbatar ma a jikin ɓauna aka same ta, a dajin Meru na Kenya a 2001. A Serengeti ta Tanzaniya kuwa, da aka yi wa shanun kewaye allura a farkon shekarun 1960, cutar ta ɓace daga namun daji da kanta, har dabbar nan mai kama da gwanki da ake kira nyumbu da Suwahili ta ƙaru daga kusan dubu 250 zuwa sama da miliyan ɗaya.

Daga wannan tarihin nake ganin duk kuɗin da za a ware wa lafiyar namun daji a Nijeriya ya kamata ya fara sauka a wuri biyu: hannun ma'aikacin gandun daji da yake fara ganin mushe, da allurar dabbobin gida da ke kiwo a kewayen gandun. Taron bita a otal da sayen na'ura mai tsada su biyo baya.

Ga yadda abin yake a aikace. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da namun Yankari suke taruwa a bakin kogin Gaji saboda ruwa ya janye a ko'ina, zafi yana haura digiri 40. Dabbar da ta mutu da asuba, kafin la'asar ta kumbura, kayan cikinta sun fara narkewa, ƙwayoyin ruɓewa sun rufe asalin ƙwayar da ta kashe ta. Abin da ya rage kuma kura ta ƙarasa da dare. Saboda haka likitan da za a kira daga babban birni ya iso bayan kwana uku ƙashi da fata zai tarar. Ma'aikacin sintiri shi ne yake wurin a kan lokaci, shi ya kamata a koya wa aikin, a kuma ba shi kayan yi.

Abu na farko da zai koya shi ne sanin mushen da ba a farkewa. Idan ya ga baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ga kumburi da wuri, gaɓoɓi kuma ba su sandare ba, to ana zargin ciwon saifa. Da zarar an farke cikin, ƙwayar ta haɗu da iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a cikin ƙasar wurin shekaru da dama tana jiran dabbar da za ta ci ciyawa a kai. Abin da ake yi shi ne a sa safar hannu da takunkumi, a ɗan tsaga bakin kunne, a shafa ɗigon jini a kan gilashin gwaji, a bar shi ya bushe. Daga nan a ƙone mushen ƙurmus, in babu hali a binne shi a rami mai zurfin aƙalla mita biyu, nesa da ruwa. Wannan ba labarin nesa ba ne, domin a watan Yulin 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, bayan ɓarkewarsa a arewacin Ghana.

Idan ba a zargin saifa, sai a buɗe dabbar a yanko hanta da huhu da ƙoda da saifa da kaluluwa, kowanne kashi biyu. Kashi ɗaya a sa a roba mai murfi a cikin kula da ƙanƙara, sanyin ya tsaya wajen digiri 4, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku. Ɗaya kashin a tsoma shi a ruwan fomalin, wato maganin hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, kaurin yankan kada ya wuce santimita ɗaya, ruwan kuma ya ninka naman sau goma. A nan aka fi yin kuskure. Sai a cusa ƙaton nama a ƙaramar kwalba, ruwan ya kama bayansa, tsakiyar ta ruɓe. Ko a sa na cikin fomalin a firiza, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin naman har likita ya kasa karanta komai a madubin gwaji. Ko wuta ta rinƙa ɗaukewa, samfurin ya daskare ya narke sau uku, ƙwayar cutar ta lalace, sakamako ya fito cewa ba a ga komai ba alhali akwai. Ga kuma lakabi: irin dabba, jinsi, kimanin shekaru, rana da wurin da aka tsince ta, a rubuta da fensir ko alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Samfurin da ba shi da wannan bayani bai da amfani ko da an yi masa gwaji mafi tsada.

Duk kayan nan, safar hannu ne da wuƙa da robobi da kula da firij mai aiki da hasken rana da man babur. Ɗakin gwajin ma muna da shi: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, kuma bushiya ce sanadin kafa ta. Daga Yankari zuwa Vom tafiya ce da ba ta wuce wuni guda ba. Inda aikin yake tsinkewa shi ne a tsakanin hukumomi. Gandun daji yana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ko ta yawon buɗe ido, likitan dabbobi yana wata ma'aikatar, kuma da wuya ka ga layi a kasafin ɗayansu da aka rubuta don kai mushen ɓauna gwaji.

Wuri na biyu shi ne kewayen gandu. Harbin dabbar daji da allurar bacci don a yi mata magani yana da tsada, yana da haɗari ga dabbar da ma'aikaci, kuma ɗaiɗaiku kawai ake iya kamawa. Da kuɗin ɗin za a yi wa garkuna da yawa rigakafi. A 1994 wata cutar karnuka mai taɓa huhu da ƙwaƙwalwa ta kashe zakuna kusan dubu a Serengeti, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma matakin da aka ɗauka shi ne allurar karnukan ƙauyukan da ke kewaye. Ga haukan kare, an san cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura duk shekara, cutar tana yankewa. Ga cutar PPR mai kashe awaki da tumaki, wadda ta hallaka dubban barewar saiga a Mongoliya a 2017, akwai allura mai inganci da aka samo daga ƙwayar da aka ware a Nijeriya, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Makiyayin da ya ga an zo an yi wa dabbobinsa allura kyauta shi ne kuma zai fara kawo labari idan ya ga mushe a daji. In kamu da tara kawai ya sani daga hukuma, shiru zai yi.

Wani zai ce a ƙasar da asibitin mutane ba shi da magani, ga 'yan bindiga sun mamaye dazuzzuka irin su Kamuku, maganar lafiyar ɓauna almubazzaranci ce. Maganar tsaro gaskiya ce, dajin da ma'aikaci ba ya iya shiga ba a yin bincike a cikinsa, shi ya sa ya kamata a fara da inda sintiri yake tafiya. Amma cutar ba ta tsayawa a daji. Murar tsuntsaye ta H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce a jihar Kaduna, kuma masu kiwon kaji ne suka yi asara. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun tsuntsaye na Djoudj da ke Senegal. Fadamar Haɗeja da Nguru tana karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai duk lokacin sanyi, ga agwagi da kajin gida suna kiwo a gefen ruwan. Ɗibar kashin tsuntsaye a can daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowace shekara kariya ce ga mai kiwon kaji a Kano.

Saura batun wanda zai biya. Shirin PREDICT na Amurka, wanda ya fara neman ƙwayoyin cuta a jikin namun daji a 2009, ya ci kusan dala miliyan 200 a ƙasashe wajen talatin, aka rufe shi daidai lokacin da korona take kunno kai. Hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, da ta ɗauki nauyinsa ma an rushe ta a 2025. Bin sawun cuta kuwa sai an jera shekaru goma ko ashirin ana tattara bayani iri ɗaya kafin a gane mace-macen bana ya wuce na al'ada ko bai wuce ba. Don haka man babur da fomalin da albashin likita dole su fito daga kasafin jiha da Asusun Kula da Muhalli na tarayya, tallafin waje ya zama ƙari. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuma ya ware wani kaso na kuɗin bincikensa ga tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Jos, da sharaɗin kowace ta riƙe gandu ɗaya na tsawon shekaru, ta ajiye samfur, ta kuma mayar wa ma'aikatan gandun da ardon yankin sakamakon gwaji cikin mako biyu.