Ƙaranci kaɗai ba ya sa abu ya zama kuɗi

Wani marubuci ya ce Bitcoin, wato kuɗin intanet, zinariyar zamani ce, tunda adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba. Malam, ƙaranci bai isa ba, sai jama'a sun yarda su karɓa. Sefa ma da yarda take tafiya, kuma a Janairun 1994 dare ɗaya aka zabge rabin darajarta.

Zinariya kuwa a hannu ake gwada ta. Maƙeri a Babbar Kasuwar Yamai zai goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga asid na karat ɗin da aka faɗa a kan zanen. In zanen ya ɓace, ba ta kai ba. Karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne zalla, karat 21 kuwa 87,5. Inda aka fi cutuwa shi ne sarƙar tagulla da aka yi wa wankan zinariya, shi ya sa ake ɗan kankare ta kafin gwaji. Ɗanyar zinariyar Jado, a arewacin Nijar, ma sai ta sha wuta ake sanin nauyinta na gaskiya.

Bitcoin ya faɗo daga kusan dalar Amurka 69.000 a 2021 zuwa 16.000 a 2022. Kuma in kalmomin sirri 12 na asusunka suka ɓace, babu bankin da za ka kai wa kuka.