Bayanin amsa laifi da aka rubuta ba lauya, ba bidiyo

Duk lauyan da ya taɓa tsaya wa wanda ake tuhuma a kotunanmu ya san wannan takardar. Mai gabatar da ƙara zai zaro ta daga fayil ya ce ga bayanin amsa laifi. An rubuta shi da Turanci, a ƙasa ga dangwalen yatsa, mai yatsan kuwa ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ka tambaye shi, ya ce duka ya sha, ko an ce masa ya dangwala a sallame shi. Daga nan sai shari'a cikin shari'a, a kwashe watanni ana jayayya kan ko da son ransa ya yi furucin, shi kuma yana can gidan gyaran hali yana jira.

'Yan uwana lauyoyi, musamman mu na Arewa, wannan takarda ta rasa ƙarfin da take da shi a da, amma da yawanmu har yanzu muna tsoronta.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, wato ACJA ta 2015, ta tanadi a sashe na 15(4) a ɗauki furucin amsa laifi a bidiyo. Sashe na 17(2) kuma ya ce a ɗauki bayani a gaban lauyan mutum, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar ba da agajin shari'a ko wani da ya zaɓa. Shekaru aka yi ana gardama: wannan dole ne, ko ganin dama ne na ɗan sanda? Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta rabu biyu a kai. Sai Kotun Ƙoli ta raba gardamar. A 2023, a shari'ar Charles da Jihar Legas, ta ce irin wannan tanadi da ke cikin dokar Jihar Legas wajibi ne. A 2024, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Akaeze, ta faɗi haka a kan ACJA ita kanta. Furucin da aka ɗauka ba tare da bin wannan ƙa'ida ba, kotu ba za ta jingina da shi ba.

Jihohinmu suna da nasu dokokin, Kaduna tun 2017, Kano tun 2019. Lafazinsu ba lallai ya zo ɗaya da na tarayya ba, don haka kowa ya buɗe ta jiharsa ya karanta kafin ya miƙe a gaban alƙali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun tafinta. Bahaushe ko Bafulatani ya yi magana da harshensa, ɗan sanda ya juya ta zuwa Turanci yadda ya fahimta, ko yadda yake so. "Ina wurin" ta koma "da ni aka yi". Wa ya fassara? Ina bayanin asali na Hausa? An karanta masa ya ji kafin ya dangwala? Sashe na 17 na ACJA ya ce a kawo tafinta, kuma tafintan ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu. Sau nawa muke tambayar wannan? Wallahi akwai mutanen da ke zaman kaso yau saboda jimla ɗaya da ba su taɓa furtawa ba.

Na ji masu cewa wannan hukunci zai kuɓutar da ɓarayi da masu garkuwa da mutane. Ban raina tsoronsu ba, mun ga abin da ya sami Zamfara da Katsina. Amma bidiyo ɗan sanda mai gaskiya yake karewa. Wanda ya amsa laifi a gaban kyamara, lauyansa na zaune, da wane bakin zai ce an gana masa azaba? Batun rashin kayan aiki kuwa, wayar da ke aljihun kowane jami'i tana ɗaukar bidiyo.

Mu ma akwai namu nauyin. Doka ta ce a kira lauya, to ƙarfe goma na dare a caji ofis na ƙauye wane lauya za a kira? Hukumar agajin shari'a ba ta da ma'aikatan da za su wadatar. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, na Kano, Kaduna, Sakkwato da sauransu su tsara jadawalin lauyoyin da za su riƙa kwana da waya a kunne, a kuma biya matasan da ke yin aikin ko da kuɗin mota ne. Sashe na 34 na ACJA ya ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Mu riƙa binsu, mu riƙa tambaya in ba su je ba.

Ku kuma iyaye da dangi, in an kama naku, ku nemi lauya a ranar, kafin a ɗauki bayani. Yawancinku sai an gurfanar da shi kuke zuwa, bayan an riga an dangwala.