WJLA ta mutanen Washington ce, ko ta kamfanin Sinclair?

Har yanzu hujjar da aka kawo a watan Satumban 2025 ba ta daina ci mini rai ba. A lokacin ne kamfanin Sinclair, mai tashoshin talabijin da dama a Amurka ciki har da WJLA ta birnin Washington, ya ci gaba da hana tashoshinsa masu ƙawance da babbar kafar talabijin ta ABC nuna shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel, ko bayan da ita ABC ɗin, wadda ta dakatar da shirin na 'yan kwanaki, ta dawo da shi ran 23 ga wata. Aka ce wai 'yancin tashar gari ke nan, wai kowace tasha tana da damar ƙin shirin da bai dace da mutanenta ba. Doka ta ba da wannan dama, gaskiya ne, amma wa ya nemi jin ta bakin mutanen Washington kafin WJLA ta cire shirin? Umarni ne ya sauko daga hedikwatar kamfanin a jihar Maryland, kuma shi aka aika wa KOMO, tashar kamfanin a can Seattle.

Wanda ya san asalin WJLA zai fi jin ciwon abin. A 1947 ta fara aiki a hannun jaridar Evening Star ta birnin, ta daɗe ana kiranta WMAL, sai Joe Allbritton ya saye ta, ya laƙaba mata haruffan sunansa a 1977. Rabon aikin a bayyane yake: ABC ta kawo labaran ƙasa da wasanni da shirye-shiryen dare, tasha kuma ta riƙe sa'o'inta na labaran gari da hasashen yanayi da bin diddigin hukumomin yankin. Waɗannan sa'o'i ne suka sa jama'a suka amince da ita, kuma wannan amana ce Sinclair ya samu da ya sayi tashoshin Allbritton a 2014. Shekara huɗu bayan haka duniya ta ga bidiyon masu karanta labarai na tashoshin kamfanin, gari daban-daban, suna maimaita rubutu ɗaya kalma da kalma. Sanya wa mai kallo saƙon hedikwata a bakin fuskar da ya saba da ita cin amana ne, ba shi da wani suna.

Masu cewa sai an haɗe tashoshi kafin a iya gogayya da YouTube da Netflix, aljihun masu hannun jari suke karewa. Tun 2017 hukumar FCC mai kula da harkokin sadarwa a Amurka ta soke sharaɗin cewa tasha ta riƙe babban ɗakin shirye-shirye a yankin da take yi wa aiki, sannan a Agustan 2025 kamfanin tashoshin talabijin na Nexstar ya sanar da shirin sayen takwaransa Tegna a kan dala biliyan 6.2, cinikin da ya zarce iyakar da majalisar dokokin Amurka ta gindaya a 2004, cewa kada tashoshin kamfani ɗaya su kai ga fiye da kashi 39 cikin ɗari na gidajen ƙasar. A bar wannan iyaka yadda take, kuma a mayar da shawarar abin da WJLA za ta nuna hannun editocin da ke zaune a garin.